Wainar da Muka Kai Taron 'Yan Kwana-kwana

Babanmu ɗan kwana-kwana ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana kashe gobarar mutane, ya yi ritaya, ya dawo gida unguwarmu Dilimi da tari, tarin kuma bai rabu da shi ba har ya koma ga Allah. Ranar rasuwar layinmu ya cika maƙil. Teloli 'yan'uwana sun zo, direbobi sun zo, maƙwabtanmu Ibo sun rufe shaguna sun zo. Amma daga wurin aikinsa ko mutum ɗaya bai tako ƙofarmu ba. Inna, mahaifiyarmu, ba mai yawan ƙorafi ba ce, sai dai abin ya tsaya mata a rai. Shekaru suka wuce, in dai hira ta biyo ta kansa sai ta ce, "Ko gaisuwa ba su yi mini ba."

Wata safiya aka kawo takarda shagona. Tsofaffin sojoji da 'yan kwana-kwana da 'yan agaji na wani ƙaramin gari a hanyar Vom, inda Baba ya fara aiki, sun haɗu sun gina bango don tunawa da waɗanda suka rasu. Sunan Baba yana jiki, kuma ana gayyatar iyali ranar Asabar. Na karanta wa Inna. Ta ce in auno shinkafa.

Mu dai hanya ɗaya muka sani ta tuna mamaci. A shimfiɗa tabarma, a yi addu'a, a raba sadaka, masu gaisuwa su zo su durƙusa su ce Allah ya jiƙansa. Don haka muka toya waina roba biyu, muka naɗe tabarma, har buta na ɗauka. Inna ta sa mayafinta mafi kyau. A ganinta yau za a yi mata gaisuwar da ta daɗe tana jira.

A bakin layi muka haɗu da Madam, maƙwabciyarmu 'yar Ibo mai shagon kwanuka. Marigayi mijinta soja ne, ita ma an gayyace ta. Ta rungumo furanni an naɗe su zagaye kamar tayar keke. Ta dubi robobinmu ta ce da gurguwar Hausarta, "Mama, wannan abinci fa? Biki za ka yi?"

Inna ta ce, "Sadaka ce."

Ni kuwa ina kallon furannin Madam ina cewa a raina, baiwar Allah ba ta san inda za ta ba. Ashe ni ce.

Da muka isa sai na rasa gane kan wurin. Rumfuna ne da kujerun roba a jere, ga bango fari iya ƙirji, an manna masa allon ƙarfe mai sunaye. Na duba ɓangaren mata, babu. Na duba inda malamai suke zaune, babu. Wani mutum mai takarda a hannu ya tare mu ya ce masu sayar da abinci su koma bayan rumfa. Nan take raina ya ɓaci. Na ce masa ya buɗe ido da kyau, matar mamaci ce a gabansa. Ya yi ta ba da haƙuri, ya kai mu sahu na biyu. Muka tura robobin ƙarƙashin kujera, ƙanshin waina yana tashi, na kusa da mu suna ta waige.

Aka ba liman minti biyu, aka ba fasto minti biyu. Kafin Inna ta gama gyara hannu an shafa. Tsofaffi suka yi fareti da lambobi a ƙirji, ɗaya yana jan ƙafa amma bai yarda an riƙe shi ba. Wani ya busa ƙaho, busa mai tsawo, kowa ya miƙe. Sai wurin ya yi tsit.

Ni na ɗauka lasifika ce ta lalace. Inna kuwa ta ga jama'a sun sunkuyar da kai ba mai cewa komai, ta zaci an rasa mai jan addu'a ne. Ta ɗaga hannu ta ce da ƙarfi, "Allah ya jiƙansu da rahama, ya sa sun huta." Mutum biyu ko uku suka ce amin ƙasa-ƙasa. Sauran suka juyo. Madam ta dafa ta, ta raɗa mata cewa shirun da gangan ne, haka ake girmama su. Kunya ta rufe ni, sannan na ji haushin kaina da na ji kunyar. Me ta yi? Addu'a ta yi wa mijinta.

Aka karanto sunaye. Na Baba ya wuce tsakanin na wasu biyu da sauri, da ban kasa kunne ba da ban ji ba. Masu furanni suka riƙa fita suna ajiyewa a gindin bangon. Inna ta taɓa ni ta ce, "Mu me za mu ajiye?" Ba a jingina wa bango waina, ba kuma mu zo da wani abu ba. Muka ci gaba da zama.

Da aka tashi, Inna ta karɓi tabarmar daga hannuna, ta shimfiɗa kusa da bangon, ta zauna ta gyara lulluɓi kamar yadda ta zauna kwana bakwai a tsakar gidanmu. Mutane suna ta kewaye ta suna ɗaukar hoto. Na raba wainar, tsofaffin suka ci suna yabawa, wani har da cewa kwamiti ya yi ƙoƙari bana. Ba wanda ya durƙusa.

Madam ce ta gane. Ta ratsa jama'a ta jawo babban 'yan kwana-kwanan da hannun riga, tana cewa, "Oga, ka zo ka gaishe Mama, mijinsa yana nan a bango." Matashi ne, ina jin ko makaranta bai gama ba lokacin da Baba ya bar aiki. Ya zo ya tsaya a bakin tabarmar. Ya dubi Inna, ya dubi sunan da Madam ke nuna masa. Sai ya buga ƙafa, ya ƙame, ya sara mata. Ya daɗe a haka, hannunsa a goshi. Inna tana kallon bakinsa tana jira. Ya sauke hannu, ya juya ya tafi.

Muka shiga mota. Mun kusa shiga gari Inna ta matso ta ce, "Wannan da ya yi, ita ce gaisuwar tasu?"

Wallahi ban sani ba, har yau kuma ban sani ba. Na ce, "Ita ce, Inna."

Ta jinjina kai. "To, alhamdu lillahi. Da na sani ai da na amsa masa."