Nauyin Rahoton Anti Kar-a-zubar

A kamfanin da ke rarraba sabulu da man shafawa, Anti Kar-a-zubar kowa ke ce mata, kuma wallahi ta ci sunan. 'Yar tela ce. Ta tashi a shagon da ko ƙyallen da bai kai tafin hannu ba sai an cusa shi a buhu, wai wata rana zai yi faci. Yanzu a gidanta akwai ɗaki guda na gwangwanayen madara da ba komai a ciki, da ledoji a ninke, da takalman da suka yi wa yara kaɗan tun tuni. Maigidanta malamin makaranta ne, ya yi magana har ya gaji ya zuba mata ido.

Da shigar da rasit ta fara aiki. Da aka kawo manhajar rahoto kowa ya ja da baya, ita ta zauna ta koya, har ta gina rahoton da manaja ke buɗewa kowace safiya ya ga abin da aka sayar da abin da ya rage a sito. Abin da yake gani a allo fuska ce kawai. A baya akwai ginin bayanai, teburan lissafi masu layi-layi ɗaure da juna, kuma a can halin Anti ya samu fili. Lambar kowane rasit, daƙiƙar da aka buga shi, hajar da aka daina sayarwa tun kafin ta haifi autarta, duk suna nan. In an yi magana ta ce, "Wata rana za a nema."

Sai rahoton ya fara nawa. A danna, ya tsaya yana ta juyi. Ran nan a gaban manyan kamfani ya ƙi buɗewa ƙememe, manaja ya kira ta ofishinsa.

"Anti, ina ganin girmanki, amma yau na sha kunya. In ya sake yi mini haka a taro mai zuwa, 'yan kwangila zan ba aikin su gina sabo, ke ki koma kan rasit."

"Yallaɓai, ai bai kai iyakar girman da aka sa mana ba. Kullum sai na duba."

Gaskiya ta faɗa. Duba girman fayil ya zame mata kamar awon hawan jini, kuma daga ranar abin ya ƙaru. Ta duba, ta miƙe, ta zagaya tebur, ta dawo ta sake dubawa, lambar tana nan ƙasa da iyaka. Shayinta ya huce ba ta kurɓa ba. A gida ta zuba gishiri a miya, ta manta, ta sake zubawa. Tsoro take ji sosai, tsoron a raba ta da abin da ta gina da hannunta a mayar da ita teburin da ta baro.

Injiniya, matar da ke kula da kwamfutocin ofis, sa'arta ce, kuma ba ta iya ɓoye dariya ba. Ta leƙa allon Anti ta kama baki.

"Wai wannan kike ta aunawa? Ai fayil ne a matse, ƙawata. Kin san akwatin tafiya da aka hau kansa aka zuge? In an buɗe rahoton a ƙwaƙwalwar kwamfuta, kumbura yake yi. Can za ki auna."

Ta nuna mata inda ake ganin nauyin kowane tebur da kowane layi bayan an buɗe. Abin ya ninka abin da Anti take zato nesa ba kusa ba, kuma mafi nauyi su ne layin daƙiƙoƙi da na lambar rasit, don ba biyu iri ɗaya a cikinsu, manhaja ba ta iya matse su.

"Wa ke duba waɗannan?" in ji Injiniya.

"Ba a sani ba ko wata rana..."

"Anti. Wa ya taɓa nema?"

Yini guda Anti ta yi tana kai hannu za ta goge tana janyewa. Ta je bayi, ta dawo, ta goge teburin da ba datti. Daga ƙarshe ta runtse ido ta cire layin daƙiƙoƙi, ta auna, ta cire tsofaffin haja, ta sake aunawa. Kowane ɗaya sai da ta ji shi a ƙirji.

Ranar taro rahoton ya buɗe kafin manaja ya gyara zama. Da aka tashi ya zo har teburinta yana fara'a.

"Sannu da aiki, Anti! Rahoto yana hannunki. Me kika yi masa haka?"

"Fiye da rabinsa na zubar, yallaɓai."

Ya duba allo sama da ƙasa. "To ni ban ga abin da ya ragu ba."

Yabo ne ya yi mata, amma ya fi barazanar zafi. Ashe duk shekarun nan ita kaɗai ta san da kayan da take dako.

Da ta koma gida ta wuce ɗakin gwangwanaye ko jaka ba ta ajiye ba. Maigidanta ya biyo ta da murna. "Maman yara, yau shara za a yi?"

Ta ɗauki gwangwani guda, ta jefa ɗan filashin kwamfuta a ciki, wanda ta kwafe duk abin da ta cire a kansa, ta rufe, ta mayar cikin 'yan uwansa.

"Wata rana za a nema," ta ce a hankali, amma yau ko ita ba ta gaskata ba.