Mukhtar Na-Kogo Bai Ce Ya Fito Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safiyar nan, ina sallame sallar asuba, aka kira ni daga asibiti. Mukhtar ya rasu.

Injiniya Mukhtar, wanda 'yan kasuwar Naif ta nan Dubai ke kira Na-Kogo. Abokin zamana a unguwar Muraqqabat, wanda muka sha karo a ƙofar banɗaki shekara da shekaru.

Kafin ku tambaya: a'a, ba a kogo ya rasu ba. Na san abin da zai fara zuwa ran duk wanda ya san shi ke nan. Aikin zuciya aka yi masa jiya, bai farfaɗo ba.

Na ga kiraye-kirayenku tun ɗazu, ku yafe ni ban ɗauka ba. Akwai kira guda da ya bar mini amanarsa, na mahaifiyarsa, kuma ban ga dacewar in rubuta komai a nan ba kafin ita ta ji. Don ku gane abin da ya sa ni, bare, ɗan Fagge, na zama mai wannan kiran, sai na ɗan koma baya.

Da na zo Dubai aikin kargo a Port Saeed, ban san kowa ba. Shi ya ba ni gadon da ke nesa da iskar AC, da ya ji ina tari. Shi ya koya mini hawa metro ba tare da na faɗa taragon mata ba. Yajinsa da Inna, mahaifiyarsa, ke aiko masa daga gida a tsakiyar tebur yake ajiye shi, ba ya ɓoyewa.

Abu ɗaya ne ya ɗaure mini kai da shi. Duk ranar hutu, in sanyi ya shigo, sai ya ɗauki hular kwano da fitilar goshi da igiya ya ɓace. Ya dawo da yamma buɗu-buɗu, gwiwa a kurje, yana wari kamar tsohon rumbu, amma baki har kunne.

Na ce, "Wai ina kake zuwa?"

Ya ce, "Kogo."

"Me ka ajiye a can?"

"Ba komai. Leƙawa nake."

Jama'a, a garin da mutane ke biyan kuɗi su hau bene mafi tsawo, nawa abokin ƙasa yake nutsawa.

Alhaji Ɗanladi, mai sarin takalma a Naif, ba ya ganinsa bai tsokane shi ba. "Na-Kogo, yaushe za a ɗaura da 'yar sarkin aljanun? Wallahi habibi, ka gaya mana da wuri mu yi odar anko." Shi kuwa sai dariya.

Daga baya ya gaya mini asalin abin. Ɗan Kwatarkwashi ne. Yana yaro an hana su kusantar wani kogo a jikin dutsen garinsu, wai ana jin kiɗan ganga a ciki. Sauran yara suka ji tsoro suka manta. Shi ya ji tsoro, amma bai manta ba. Ya girma da tambayar: wa ke kiɗan?

Ya yi ta jana in raka shi. Ni da ko lif ta ɗan tsaya sai na fara salati. Na ce ya nemi wani.

Sai ya ce, "To shi ke nan, ka zama na waje."

A nan na fara sanin al'adar masu shiga kogo. Ba a shiga sai an bar wani a waje wanda ya san wane kogo ne, su wa suka shiga, da lokacin da ya kamata su fito. A cikin dutse waya ba ta aiki. In ka karye a ciki, ko ruwa ya toshe hanya, duniya ba ta da labari sai ta bakin wannan mutum ɗaya.

Ya kafa mini sharuɗɗa. Na waje ba ya kira kafin lokaci, kada ya tayar wa mutane da hankali a banza. Ba ya kuma wuce lokaci don jin nauyi. Ba ya bin sawu ya shiga nema da kansa. Aikinsa kira ne kawai: masu ceto da farko, sannan gida.

Ya sa mini lambar Inna a wayata da hannunsa.

Tun daga nan, kowane fita sai saƙo ya shigo: "Na shiga. Zuwa la'asar." In ci gaba da harkata, ido ɗaya a kan agogo. Can sai wani ya biyo: "Na fito." Kalmomi biyu, amma sai na ji abinci ya yi mini daɗi.

To amma zaman jiran nan shi ya cinye ni. In zauna ina lissafin kwalaye, raina na can. Me yake gani yanzu? Akwai iska? In ya yi tari, wa ke amsawa? Tsoro na nan daram, amma son sani ya fi shi naci.

Ranar da na ce zan bi shi, bai yi mini dariya ba. Ya miƙo mini sabuwar fitilarsa, ya riƙe tsohuwar mai ɗaure da salatif. Alhaji Ɗanladi ne ya zama na waje a ranar, bayan ya ce mu yafe masa tun yanzu.

Muka wuce Ras al-Khaimah, muka bar kwalta, muka bi wani busasshen kwari sai awaki ke kallonmu. Tare da mu akwai abokansa biyu na ƙungiyar masu shiga kogo. Kowa da fitila uku, don wai ɗaya mutuwa take yi, ta biyu kuma faɗuwa. Mukhtar ya daɗe yana duban sama. Ya ce ko gajimare kaɗan ya gani a kan duwatsu, gida za mu koma, don ruwan da bai taɓa ka ba a waje shi ke cika rami.

Ni na zaci bakin kogo wata ƙatuwar ƙofa ce. Ashe ɗan rami ne da bai fi bakin tanda ba. Na kai fuskata, sai na ji iska mai ɗumi tana fitowa a hankali, kamar dutsen numfashi yake yi.

Mukhtar ya durƙusa ya ce, "Salamu alaikum."

Na ce, "Da wa kake?"

Ya ce, "Oho. Amma ba ni na gina ba, kuma ban tarar da shi kango ba."

Ciki wata duniya ce. Warin kashin jemage ya fara yi mana maraba. Sai duwatsu masu tsini suna reto daga sama kamar hantsar saniya, kowanne da ɗigon ruwa a bakinsa. Na kai hannu, ya riƙe ni. Ya ce ɗigon nan ne ya gina su, kuma har jikana ya tsufa ba za su ƙaru da tsawon ɗan yatsa ba. Mun ga ƙasusuwan akuya a wani lungu, a jere tsaf kamar kwanciya ta yi. Har yau ina tunanin yadda ta kai can ba fitila.

Sai muka zo wata maƙura da sai an kwanta rubda ciki. Kowa ya wuce, ni na maƙale. Dutse a ƙirji, dutse a baya. Na fara kalmar shahada da ƙarfi.

Mukhtar ya dawo da rarrafe har hularsa ta taɓa tawa. Bai ja ni ba. Sai ya hau ba ni labarin yadda Inna ke daka daddawa, daki-daki, kamar muna zaune a tsakar gida. Da ya ji numfashina ya lafa ya ce, "Yanzu fitar da iskar ƙirjinka duka, sannan ka turo da yatsun ƙafa. Shwaiya shwaiya, a hankali." Na zame na wuce.

Ya ce, "Ka ga sharrin shawarmar Naif ko?"

A can ƙurya muka zauna. Ya ce, "Khalas, mun iso, kowa ya kashe fitila."

Na zaci na san duhu, ni da na tashi a garin ɗauke wuta. Ashe ban taɓa ganinsa ba. Na ɗaga hannuna gaban fuskata na kaɗa, na rantse na ga inuwarsa. Mukhtar ya ce ƙarya ƙwaƙwalwa ke yi mini, ta san inda hannun yake ne sai ta zana mini shi.

Sai na ji gangar. Dum, dum, dum, can ƙasa-ƙasa.

Na ce, "Mukhtar, ga kiɗan garinku."

Na ji murmushi a muryarsa. "Zuciyarka ce. Kowa da gangarsa yake shigowa. Tawa ma ba ta iya kiɗa ba, tsallake take yi."

Na yi dariya. Na ɗauka wasa ne.

Amma akwai abin da ba zuciya ba ne. Muna shiru, na ji kamar an yi gyaran murya a bayana, alhali bayana bango ne. Na matso kusa da Mukhtar. Na ce, "Ka ji?"

Ya ce, "Na ji."

"Mene ne?"

"Wataƙila ruwa, wataƙila iska. Ban sani ba, Nasiru. Da na sani ai da tuni na daina zuwa."

Kafin mu kunna, ya ce, "Na san abin da kake tunawa. Kowa kabari yake tunawa a nan. Sai dai nan maɓallin fitila na goshinka."

Da muka fito, hasken rana har zafi ya yi mini a ido, ban taɓa ganin dutse da akuya sun yi kyau haka ba. Na koma da shi sau da yawa bayan nan, kuma ban daina jin tsoro ba ko sau ɗaya.

Zamanmu na ƙarshe shekaranjiya ne, bayan la'asar, a shagon shayin da ke ƙasan gidanmu. Ya sayo shayin karak kofi biyu. Ya ce likitoci sun ce ƙaramin gyara ne, kamar canza bawul a famfo. Ya ce bai gaya wa Inna ba saboda hawan jininta, sai ya tashi zai kira ta da bakinsa.

Ya juya kofinsa ya ce, "Kai ne na waje fa."

Na ce ya daina wannan maganar.

Jiya da hantsi saƙo ya shigo: "Na shiga." Bai sa lokaci ba. Na wuni a asibiti, da yamma suka ce an gama amma bai farka ba, in je gida. Wayata a hannu na yi ta dubawa, ina jiran sauran kalmomi biyun.

Da na sanar da Alhaji Ɗanladi yau, ya yi kuka kamar ba shi ne mai tsokanar ba. Sannan ya ce, "Nasiru, ba a gaya wa uwa mutuwa a waya. Haram alaik. Ka nemo dattijo a garinsu ya je ya zauna ya faɗa mata."

Gaskiya ya faɗa, haka muka tashi muka gani. Kuma wallahi raina ya so wannan mafitar. Amma lambar da Mukhtar ya sa mini ba ta dattijo ba ce.

Na nemo lambar ƙanwarsa Hadiza, na kira ta na gaya mata, na roƙe ta ta daure ta je ta zauna kusa da Inna, kada ta ce komai. Da ta ce ta isa, na danna lambar da ta shekara da shekaru a wayata ban taɓa kiranta ba.

Na yi sallama na gaishe ta. Na ce, "Inna, sunana Nasiru, daga Dubai."

Ta maimaita sunan a hankali. Sannan ta ce, "Nasiru na waje?"

Ashe ya gaya mata. Ya ce mata akwai wani Nasiru mai lambarta, muddin bai kira ba, ta kwantar da hankalinta.

Ta ce, "Bai fito ba ke nan."

Na ce, "Bai fito ba, Inna."

Ta yi ta maimaita innalillahi, ina jin kukan Hadiza a gefe. Can ta ce, da wata murya ƙarama, "A cikin ramin ne, ɗana?"

Na ce a'a. Na gaya mata a asibiti ne, a kan gado, da mutane a kansa. Na gaya mata na gan shi da idona da safen nan, fuskarsa fes.

Ta ja dogon numfashi ta ce, "Alhamdulillahi. Tun yana yaro abin da nake tsoro ke nan, ya tafi inda ba za a same shi a yi masa wanka da sallah ba. Ku yi masa sutura a nan, ƙasa duk ta Allah ce. Kai kuma ka tsaya a kansa har a gama."

Na ce zan tsaya, Inna.

Mukhtar, ka shiga inda ba maɓalli a goshi, kuma wannan karon na waje ba shi da wanda zai kira sai Allah.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Mukhtar. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa makwancinsa kada ya matse shi, ka haskaka masa shi da hasken da ba ya mutuwa. Yadda yake sallama a ƙofar da bai san masu ita ba, ka sa a amsa masa da aminci. Ka ba Inna da Hadiza haƙuri.

Duk wanda ya karanta wannan, ko bai san shi ba, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a. Yau dukkanmu ne na waje.