Sharar Anti Tafireta

Shekara ashirin da uku Anti Tafireta ta yi tana buga takardu a ofishin makarantar, ko ƙyallen takarda bai taɓa ɓata a hannunta ba. Malamai ma shakkar teburinta suke yi, don in ka ajiye fayil a karkace sai ka sha harara.

Kwatsam shugaban makaranta ya ce shafin intanet yake so, cikin wata guda. Ya ƙara da cewa in ba za ta iya ba, akwai masu digiri da ke jiran kujerar.

Malamin lissafi ne ya saka mata firemwok a kwamfuta, wato ginin shafi da aka riga aka tayar, kai dai ka zuba kayanka. Mako uku tana bin darasi layi-layi, tabarau a karan hanci, har sunan makarantar ya fito a allo.

To amma hali! Cikin foldar shafin kaca-kaca yake, fayiloli barkatai, wasu ma babu ko harafi a cikinsu. Abin ya tsaya mata a rai. Ana saura kwana biyu ta zage ta yi shara: ta goge marasa komai, ta kwashe sauran ta jera su tsaf a sabuwar folda. Tana kunnawa, shafin ya ƙi buɗewa, allo ya cika da jan rubutu.

Ta tari malamin a bakin aji.

"Anti, me kika taɓa?"

"Ban taɓa komai ba, Malam. Gyara kawai na yi."

"Innalillahi! Ai abin nan ya haddace inda ya ajiye kayansa. Ɗakin makaho kika shiga kika canza wa kujeru wuri."

Suka sake daga farko. Hannunta na ƙaiƙayi, amma ta bar shirgin yadda yake.

Ranar Alhamis shugaba ya tsaya a bayanta. Ta danna. Shafin ya buɗe.

"Madalla, Anti, kujera taki ce. Saura wurin da iyaye za su duba sakamakon 'ya'yansu. Kafin Litinin."

"To, ranka ya daɗe."

Ya fita. Ta zuba wa fayilolin ido, ba ta san wanne za ta iya taɓawa ba.