Inda Za a Ajiye Yaya

Yayata ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba, tun daga ranar da aka yanka masa rago har ya yi furfura. Haka muka taso muka tarar, haka uwarmu ta yi da ita. In zance ya biyo ta kansa sai ta ce "wancan". Da ya girma ya sayi kamyo, babbar motar kaya, yana jigilar wake zuwa Jibiya, ta koma cewa "mai motoci". Ana yaye shi aka kawo mini shi Safo, ina amarya. Ni na goya shi, ni yake ce wa Inna. Ita kuwa in ya shiga gaishe ta sai ta ja mayafi ta juya fuska, ta amsa wa bango.

Da mijinta ya rasu, ɗan ya gina mata ɗaki a gidansa na Madarunfa. Lokacin ya je Makka ya dawo, kowa Alhaji yake ce masa, har ni.

Ruɗewar ta fara mata a shekarar da kuɗin sefa suka faɗi. Ta zuba gishiri a kunu. Ta yi azahar, ta sallame, ta miƙe ta sake kabbara. Ta riƙa tambaya ko uwarmu ta dawo daga rijiya, uwarmu da ƙasa ta rufe tun zamanin Nasara. Aka ce gigin tsufa ne, aka yi dariya. Wata rana da hantsi ta fice, masunta suka tsinto ta cikin tafki, ruwa har ƙirji, tana laluben wata ƙwarya da ta ce ta sulluɓe mata. Na zo na ce a samo wanda zai zauna da ita. Alhaji ya ce to. Washegari ya tafi Katsina da lodi, ba a samo kowa ba.

Abin da ya tashe shi daban ne. Ban gani da idona ba, matarsa ta ba ni labari. Ran wata Juma'a bayan an sauko masallaci, yana zaune ƙofar gida da abokan cinikinsa na Najeriya da direbobinsa, sai Yaya ta fito ba mayafi, riƙe da kwanon fura. Ta kira shi da sunansa na yanka, da ƙarfi, yadda ake kiran yaron da ya daɗe a wajen wasa. Ta zauna kusa da shi kan tabarmar maza, ta kama kunnensa ta leƙa bayansa, ta ce ba a cuɗa masa ba. Ta kai masa ludayi baki. Manya suka sunkuyar da kai. Wani direba ya kasa riƙe dariya.

Da gari ya waye ya aiko mota ta ɗauko ni.

Ya ce, "Inna, Tsohuwa ta taɓu. Za mu nema mata wuri."

Na ce, "Yaushe ta taɓu?"

"Jiya."

"Ran da aka tsamo ta cikin tafki fa, lafiyarta lau?"

Ya kau da zancen. Ya ce yana so in bi shi mu duba wurare, tunda ni mace ce, na fi shi sanin abin da zai dace da ita. Na yarda don ban so a zaɓa a bayan idona.

Muka fara da likita a Maraɗi, da ita muka je. Majo, wato babban ma'aikacin jinyar wurin, ya tambaye ta ko yau wace rana ce. Ta ce masa shi da ya yi karatun boko a lakkol bai sani ba sai ya tambayi tsohuwa. Ya yi dariya ya ce wa Alhaji ba su da ɗakin da ake ajiye tsofaffi, in kuwa aka buɗe na masu mantuwa shi zai fara kwanciya. Ya ce wannan ba ciwon da ake kwantarwa ba ne, a kai ta gida a sa mata ido. Ya ba da wasu ƙwayoyi. Ta sha su ta yi ta barci, miyau na zuba, sallah na wuce ta. Na zuba sauran a masai.

Bayan kwana kaɗan Alhaji ya ce an ba shi labarin wani malami can gaba da Gabi, kusa da iyaka, mai ajiye marasa lafiyar kai. Wannan karon mu biyu muka tafi da direba. Da ake buɗe bayan mota na ga tabarmi biyu sababbi, da buta biyu, da tukunya, da buhun gero.

Gidan babba ne, ba katanga, bukkoki ne warwatse da itatuwan bedi. Ƙarar marin ƙarfe a ƙafafu na fara ji kafin in ga mutane. Wani saurayi an ɗaure ƙafarsa da gungume yana ta lissafa garuruwa. Wata mata tana zaune cikin rana, inuwa ta matsa ta bar ta, sarƙar ba ta kai ba. Zarni ko'ina. Nan da can mata na hura wuta a murhun duwatsu. Alhaji bai dubi ko ɗaya ba, ɗakin da malamin ya nuna masa ya duba, sabo, rufin kwano, da ƙofar ƙarfe. Ya ƙwanƙwasa ƙofar da yatsa ya ce mai kyau ce.

Malamin mutum ne mai sanyin murya, ya shimfiɗa mana buzu. Ya tambayi abin da take yi. Na soma faɗin tafki da sallah, Alhaji ya katse ni ya ba da labarin Juma'a.

Malamin ya ce, "Kai ne na fari?"

"Ni ne."

"Da bakinta ta kira?"

"Gaban mutane, Allah gafarta malam."

Malamin ya gyaɗa kai. Ya ce, "To ba ita ba ce. Uwa ba ta kiran ɗan fari, ko a gadon mutuwa. Wani ne ya shige ta yana magana da bakinta. A tafkin ta ɗauko shi."

Na ga fuskar Alhaji ta sake, kamar an sauke masa kaya. Malamin ya ce za a yi mata rubutu da hayaƙi, in mai shigar ya yi taurin kai a taɓa shi da tsumagiya.

Na ce, "Malam, shi mai shigar yana da nasa bayan, ko a nata za a zuba?"

Ya ce, "Hajiya, ba ta jin zafi, shi ke ji."

Na tashi na bar su. Bayan bukkokin na iske wata tsohuwa sa'ar Yaya, ɗiyarta na ba ta koko. Na gaishe su, na ɗaga zanen tsohuwar ba tare da na nemi izini ba. Idon sawunta ya sale, ƙuda na bi. Na ce mi ta yi? Ɗiyar ta ce tana ficewa ne, kuma tana kiran surukinta da sunan mijinta da ya mutu. Na ce ta samu sauƙi? Ta ce ta daina magana dai.

Da na dawo na tarar malamin yana faɗin sharaɗinsa. Ba ya karɓar kowa sai da mai jinya, mace, ta jininsa, wadda za ta dafa masa, ta wanke shi, ta kwana da shi. Alhaji bai yi mamaki ba. Ya juyo ya dube ni a hankali. A nan tabarmi biyu da buta biyu suka faɗo mini a rai. Ya riga ya san sharaɗin, ya riga ya zaɓi wurin, an kawo ni ne in ga ɗakina.

Ban yi magana gaban malamin ba, don ba a haka aka rene ni ba. Sai da muka hau hanya na ce wa direba ya tsaya ya sauka ya ba mu wuri. Ya dubi ubangidansa. Na ce ni na ce ka sauka.

Na ce, "Tabarma ta biyun ta wa ce?"

Ya ce, "Inna, ai ke kin fi kowa iyawa da ita."

"Shi ya sa ka tambaye ni."

"Na san ba za ki ƙi ba."

"Ka san ba zan ƙi ba. Ka saya mini buta. Allah shi yi albarka."

Ya ce, "Inna, ba ki san abin da nake gani ba. In na shiga tasha sai in ji an kira sunana da muryar tsohuwa ta bayan motoci. Mutanen da nake ciniki da su sun kai labarin har Katsina." Ya ƙara da cewa, "Tun da nake ba ta taɓa dubana ba. Sai yanzu da na tara iyali za ta zo ta kama mini kunne? Wannan ba Tsohuwa ba ce. Ni ban san wannan matar ba."

Na ce masa ni na san ta. Na gaya masa abin da ban taɓa gaya masa ba, don ba abin faɗa ba ne. Yana ƙarami, Yaya kan tako da ƙafa daga ƙauyensu har Safo, ta ce ta zo aron rariya. Gidansu akwai rariya. Ta tsaya bayan danga tana kallonsa yana wasa da ƙasa. In za ta tafi sai ta ce mini, "Baƙon naku yana cin tuwo kuwa?" Da ya yi ƙyanda, a bayan ɗakina ta zauna har ya tashi, ba ta shiga ba ko sau ɗaya. Na ce ba wanda ya shige ta. Ta manta yau, ta manta jiya, ta manta cewa ana ɓoyewa. Abin da ya rage mata shi ka gani ran Juma'a, shi kuma kake so a fitar da tsumagiya.

Ya ce, "Malam ya fi mu sani."

Na ce, "To malam ya nemo mata wata ƙanwar. In ni ce mai jinya duk inda aka kai ta, ni zan faɗi inda za a yi jinyar."

Aka kira direba muka koma Madarunfa. Washegari na aika aka kawo amalanken maƙwabcina daga Safo, don tun zuwa likita Yaya ta tsani mota. Na ɗaure kayanta, matar Alhaji ta taya ni tana share hawaye. Shi ya fita tun da safe. Na ɗauki buhun geron da tukunyar, na bar masa tabarminsa.

Jinyar ba ta yi daɗi ba. Ta zage ni, ta ce ni ɓarauniya ce na sace mata awaki. Ta yi fitsari a kwance ta ce ni ce. Ta cije ni a hannu ina yi mata wanka, tabon na nan. Damina ta zo gulbi ya kawo ruwa, na riƙa ɗaure bakin zanenta da nawa in zan ɗan kishingiɗa da rana, tana motsawa in farka. Gonata rabi aka nome. Kullum da la'asar sai ta kira sunan nan, ta ce a je a nemo shi, rana ta yi sanyi bai ci komai ba. Alhaji yana aiko shinkafa da sabulu ta hannun direbobi. In ya zo da kansa a zaure yake tsayawa, ya yi gaisuwa ƙasa-ƙasa don kada ta ji muryarsa. Ina kallonsa ta ƙofa, in ce Allah ya ba ni haƙuri, don in na buɗe baki ba za a ji da daɗi ba.

A hankali kiran ya ragu, har ya ɗauke. Ni ma ta daina sanina, "baiwar Allah" take ce mini. Bayan damina ta biyu, da kaka, Alhaji ya zo. Da ya ji gidan shiru sai ya shigo har tsakar gida. Yaya na zaune kan tabarma tana tsince wake. Ta ɗaga kai ta ga namiji da babbar riga, ta ja mayafi ta rufe fuska ta juya baya. Haka take yi wa mai tallan kanwa, haka take yi wa duk namijin da ba ta sani ba.

Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa ba ta juyo ba. Ya taso yana murmushi.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Inna, ta warware. Kin ga kunyarta ta dawo."

Na ce, "Haka ka gani?"

"Ga shi kuwa. Sai a shirya ta, gobe in aiko mota ta koma ɗakinta. Mutane na ta magana, wai na jefar da uwata a ƙauye."

Yaya ta jawo bakin zanena ta yi mini raɗa, ta ce baiwar Allah, wane ne wannan, ko mai karɓar haraji ne?

Na ce masa kada ya wahalar da direba, ba inda za ta. Ya ce shi ne ɗanta, shi ke da iko. Na ce ya je ya kai ƙarata wurin maigari, in an kira ni zan faɗi inda ya so kai ta da abin da na gani a can, gaban kowa. Bai kai ba. A ɗakina ta zauna har Allah ya karɓi abinsa da bazarar da ta biyo, ni na yi mata wanka.