Yadda Asabe Ta Haifi Tansili

Asabe mai waina ta unguwar Makera ko Legas ba ta sani ba, balle Ingila, amma ita ta hana sunan wani gidan Turawa mutuwa.

Mijinta Isiyaku yana aiki a masaƙar Kakuri tun buɗe ta, a ƙarƙashin wani tsohon Bature mai sanƙo, Mista Tansili, mutumin da ba a taɓa ganin haƙoransa ba. Da Asabe ta haihu, aka raɗa wa yaron Haruna, sunan surukinta. To, ga ɗan fari, ga sunan suruki, ko da wuƙa a wuya ba za ta furta ba. Ta dubi jaririn, ja wur, kai ba gashi, ya haɗe rai. Ta ce, "Wannan ai Tansili ne."

Isiyaku ya ce, "Ki rufa mini asiri! In Baturen nan ya ji, aikina ya ƙare."

Ta ce, "Malam, ina Bature ina Makera?"

Ta manta a ƙofar masaƙar take suya. Yaro ya fara tafiya, ran nan ana tashi daga aiki ya nufi wutar tanda. Asabe ta kwarma ihu, "Tansili! Ja can, mai kunnen ƙashi!"

Bature ya ja birkin kekensa. Isiyaku da ke fitowa a bayansa ya rugo.

"Wa yake kirana?" in ji Bature, da Hausarsa ta tsince-tsince.

Asabe ta nuna yaron da cokalin juya waina. Isiyaku ya yi bayani, yana ta ba da haƙuri. Bature ya tsuguna, ya daɗe yana duban yaron. Ya ce sunan na wani ƙaramin ƙauye ne da kakanninsa suka baro, masu shi duk Ingila ba su cika mota ɗaya ba. Ƙanensa ya mutu a yaƙi, shi kuma bai haihu ba.

Ya ce, "Na ɗauka da ni za a binne sunan nan."

Ya cire malafarsa ya kifa wa yaron, ya yi dariya har da hawaye. Isiyaku sai a lokacin ya yi numfashi.

Daga nan kullum sai ya tsaya ya tambayi takwaransa. Maƙwabciyarsu Rhoda ta haifi mai sanƙo, shi ma Tansili. Jummai ta layin baya ta bi sahu. In an tambayi Asabe asalin sunan, sai ta juya wainarta ta ce, "Can garinsu ya kusa ƙarewa. Mu nan har yaye shi muke yi."