Motar da Ke Mutuwa a Ƙofar Gidanmu

Kwanon ruwa ne ya fara ɗaukar hankalina. Inna ta aike ni in kai wa baƙo ruwa, na iske shi zaune a cikin wata farar mota mai buɗaɗɗen baya, ƙofa a buɗe, ƙafa ɗaya a waje, kwalin magunguna a kan cinya. Hannuwansa ba su da sarari, sai ya nuna mini hancin motar da haɓa, na ɗora kwanon a can. Injin yana aiki, ruwan yana ta rawa, ƙananan zobba suna tasowa daga tsakiya suna ɓacewa a gefe. Ina kallon zobban nan, shi yana gaisawa da Baba, sai ƙarar ta ɗauke. Ruwan ya kwanta har na ga reshen dogon yaro a cikinsa. Na ɗaga kai, na ga Baba ya ɗaga nasa, tsofaffin da ke zaune a gindin bangonmu su ma sun juyo suna kallon motar.

Baba ya ce mini, "Shiga ki ɗauko tabarma. Sabuwar."

Wanda bai zauna a ƙauyukanmu na Adar a shekarun nan ba, ba zai gane dalilin sabuwar tabarma ba. Ƙauyenmu yana kusa da Tabotaki, a kan hanyar da ke haɗa Buza da Keita, kuma duk motar da ke bi ta wurin tsohuwa ce mai cin gazuwal, wato man dizal, batirinta ya gaji. Shi ya sa shofer ba ya kashe mota. Zai tsaya ya ci tuwo, ya yi salla, ya yi cinikin akuya, injin yana ta gurnani a bayansa, don in ta mutu sai an tara samari sun tura ta zuwa gangare. Daga nan al'ada ta fito. Wanda ya tsaya a ƙofarka ya bar inji yana aiki, mai wucewa ne, ruwa ya ishe shi. Wanda ya kashe kuwa ya ba ka amanar kansa, tun da ba zai tashi ba sai da hannun mutanen gidanka. Irin wannan baƙo ana shimfiɗa masa, a dama masa fura, a jira a ji abin da ya kawo shi. Abubuwan da kan kawo shi ba su da yawa: ta'aziyya, ko sulhu, ko neman aure.

Ba a yi mana rasuwa ba, ba mu yi faɗa da kowa ba, kuma ni kaɗai ce budurwa a gidan.

Shofer ɗin na asibitin mishan ne da ke wajen Madawa. A can aka gano tarin da ya daɗe yana cin Inna, aka ce za ta yi watanni tana shan ƙwayoyi ba fashi. Da yake motar asibitin tana kai magani ƙauyukan Keita duk ranar kasuwa, aka haɗa masa da na Inna. Bahaushe ne kamar mu, dogo, mai sanyin murya, daga cikin masu bin Almasihu da suka taso a kewayen asibitin. Ranar farko ya sauka, ya zauna a sabuwar tabarma, ya sha fura, ya yi wa Inna bayanin ƙwayoyin, ya koma ya murɗa makulli, motar ta tashi ba wanda ya tura. Wannan ya ba samarinmu mamaki, amma bai canza hukuncin gari ba. Kashewa dai kashewa ce.

A lokacin na bar lakwal, wato makarantar boko, ba ni da aiki sai daka da ɗiban ruwa da karatun littattafan soyayya da fatake ke kawowa daga Kano. Ni da wata ƙawata muke musayarsu, bangonsu duk ya yi laushi don shan hannu. A cikinsu saurayi ba ya faɗin abin da ke ransa kai tsaye. Yana yin wani ɗan abu, ya tsaya inda bai kamata ya tsaya ba, ya manta hularsa da gangan, ita kuma yarinyar ta gane. Na taso ina jiran ranar da zan zama mai ganewa. Ga ta ta zo mini a cikin farar mota.

Kasuwa ta zagayo, ya dawo. Ya buɗe ƙofa, ya ɗora kwali a cinya, yana tsintar ƙullin Inna suna hira da Baba kan damina, motar ta mutu. Kasuwa ta gaba ma haka. Ƙawata ta bincika mini, ta dawo da labarin cewa a Ibohamane akwai wani tsoho da yake kai wa magani, kuma a can ba ya kashewa. Na riƙe wannan magana kamar an ba ni zobe. Na fara dama furar da kaina, ina ƙara mata nono mai kyau da ɗan yaji. Ranar kasuwa tun hantsi kunnena yana kan hanya. Na iya bambanta muryar motarsa da ta sauran tun tana hawan dutse, amma shirun da ke biyo baya nake jira. In ya zo, sai in ji kamar duk ƙauyen ya riƙe numfashi tare da ni.

Na san shi Kirista ne, ni Musulma, na kuma san abin da wannan ke nufi. Amma a littattafan da na karanta ba a taɓa yin soyayya ba tare da katanga ba, kuma marubucin kullum yana samo ƙofa a babi na ƙarshe. Ban tsaya tunanin ta ina ƙofar za ta fito ba.

Gari kuwa ya fara magana. Gwaggona, ƙanwar Baba, ta iske ni ina dama fura, ta leƙa ƙwaryar.

"Wannan nonon duk na mai tari ne?"

"Na baƙo ne, Gwaggo."

"Baƙo. Ni da na kwana biyu a gidan nan ruwan tsami anka ba ni. In na samu kuɗi sai in sayi mota in zo in kashe."

Tsofaffin gindin bango ma ba su bar shi ba. Wani mai wasa da kowa yakan ce, "Shofer, yau ma ta gaji?" Shi kuma ya yi murmushi ya ce, "Ta gaji, Baba." Su duba juna, su gyaɗa kai.

Mahaifina mutum ne da ba ya son zance ya riga shi zuwa masallaci. Wata ranar kasuwa, bayan an sha fura, ya gyara zama. Ina bayan zana ina tankaɗe, na daina motsa hannu.

"Ɗana," in ji Baba, "tun da ka fara zuwa ban ga aibinka ba. Mai ɗakina ta samu sauƙi, Allah ya saka maka. Amma kai kana da addininka, mu muna da namu, kuma ina da ɗiya a gida. Ka kashe mota a ƙofata ba sau ɗaya ba. In da magana, ka faɗe ta yau, in ba ka amsa, kowa ya huta."

Daga tsagar zana na ga shofer ya ajiye ludayi a hankali.

"Baba, ku gafarce ni. Ba ni ke kashe ta ba. Ita ke kashe kanta."

"Mota?"

"Ita. Tun da darajar kuɗin sefa ta faɗi, gazuwal ya yi tsada. Akwai wani Bature makaniki a wurinmu, shi ya sa mata wani ɗan akwati a ƙarƙashin sitiyari. In ta tsaya tana aiki a banza na ɗan lokaci, sai akwatin ya yanke mata mai. Batirinta sabo ne, ba ta buƙatar turi."

Tsohon nan mai wasa ya ce ba zai yarda ba sai ya gani. Shofer ya tashi, ya tayar da motar, ya sauko ya dawo tabarma, ya ɗora hannuwansa a kan gwiwoyi inda kowa zai gani. Aka zauna ana sauraro. Ban taɓa jin manyan mutane sun yi wa inji irin wannan ladabi ba. Ni kuma a bayan zana ina roƙon Allah kada ta mutu, ban san ma me rashin mutuwarta zai tabbatar mini ba. Kaza ta zo ta wuce ta ƙarƙashin motar. Can sai ƙarar ta ɗauke, ba wanda ya taɓa komai.

Shi ne shirun da na saba jira, bai canza ba ko kaɗan. Ni dai na ji ba nawa ba ne.

"To," in ji tsohon, "ashe motar ce ke neman auren. Malam, sai ka yanka mata sadaki."

Aka yi dariya, har da Baba, dariyar mutumin da aka sauke wa kaya. Shofer ya ce shi a wajen asibiti ya girma, bai san kashe mota tana da wannan nauyi a nan ba, da ya sani da ya yi bayani tun farko. Baba ya ce ba komai. Sai ya ƙara da wata magana da har yau nake jin daɗinta: "Ko wa ya kashe ta, a ƙofata ta mutu. Tabarmarka tana nan."

Ban yi kuka ba. Na ƙarasa tankaɗe, na ɗora sanwa. Littafin da nake karantawa a lokacin na mayar wa ƙawata ban kai ƙarshensa ba, ta tambaye ni ko bai yi daɗi ba, na ce ya yi.

Ya ci gaba da zuwa, motar ta ci gaba da mutuwa, na ci gaba da dama fura, sai dai yanzu gari ya daina kallo. Inna ta yi ƙiba, tarin ya tafi. Ranar da ya kawo ƙullin ƙarshe ina tsaye da kwanon ruwa kusa da ƙofar motar. Yana tsayawa, tun kafin ya ɗauko kwali, na ga ya kai hannu ya murɗa makulli ya kashe ta da kansa. Ba wanda ya lura sai ni. Ya sauka ya durƙusa ya gaida Inna, ya ce daga wannan ƙullin maganinta ya ƙare, an kuma mayar da shi wata hanya, ya zo sallama ne. Ya karɓi ruwan a hannuna ya ce, "Na gode, ƙanwata." Ya tafi.

Na yi aure bayan ƴan shekaru, da wani malamin lakwal mai haƙuri wanda har yau yake saya mini littattafai. Aiki ya kai mu Buza, daga baya Madawa. A can ne, ƴata ta fari ta riga ta kai tsawona, muna ratsa layin masu gyara a bayan kasuwar albasa, na ji wata murya tana cewa a ƙara ruwa a duro. Na waiwaya. Yana tsugune gaban wani injin ban-ruwa na masu lambu, kansa ya yi fari, tabarau mai kauri a fuskarsa. Injin yana ta ƙara yana feso ruwa.

Na yi sallama, na ce ni ce ɗiyar mai tarin nan ta kusa da Tabotaki. Ya kalle ni ta saman tabarau, sai ya miƙa hannu ya kashe injin.

Muka gaisa. Ya tambayi Inna, na ce tana nan, Baba ne ya rasu. Ya yi mini gaisuwa. Ya ce idanunsa ne suka raba shi da tuƙi, matarsa ungozoma ce a asibitin, ƴaƴansu sun girma. Na tambaye shi motar nan mai kashe kanta. Ya ce ta daɗe da zama kayan gyara.

"Akwai abin da ban taɓa ganewa ba," na ce. "An ce a Ibohamane ba ta mutuwa."

Ya ɗauki tsumma ya goge hannu, ya daɗe yana gogewa.

"Akwatin nan ba shi da wayo," ya ce. "In ka ɗan taɓa totur da ƙafa, sai ya manta, ya soma jira daga farko. A wasu gidajen haka nike yi, don in sallame su in wuce."

"A namu fa?"

"A naku ƙafata tana nan kusa da totur ɗin, amma ba ta taɓa shi ba." Ya duba ƴata, ya yi murmushi. "Uwarki ta iya dama fura, ɗiyata. Tana dama miki?"

Ƴata ta ce sai ran da ta ga dama. Muka yi dariya, mai lambun da ke jiran injinsa ya fara gyaran murya, muka yi sallama. Mun kusa fita daga layin kafin in ji injin ya sake tashi.

Ban ƙara ganinsa ba. Daga baya wata maƙwabciyata da ke zuwa cocinsu ta gaya mini idanun sun ƙarasa rufewa, ya bar wa ɗansa rumfar gyaran ya koma gida kusa da asibitin. Ta ce yana zaune a ƙofar gidansa a bakin hanya, masu lambu suna kawo masa injinansu a amalanke, a tayar a gabansa, ya saurara, ya gaya musu inda ciwon yake. In ya gama ji sai ya ce a kashe, a kawo wa baƙo tabarma.