Shaddar Fasto Rifkatu

Cikin duk shekarun da na yi a kan keken ɗinki, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da na warware aikin hannuna a gaban wani dattijo. Ku masu koyo, ku ajiye almakashi ku saurara.

A watan Mayun 1999 ne, soja na shirin miƙa mulki ga farar hula. Lokacin ni ce shugabar ɓangaren mata a wani shagon ɗinki kusa da Ƙofar Marusa. Maza na gaba suna ɗinka manyan riguna, mu muna ɗakin baya, mu ke yi wa mata awo, domin tela namiji ba ya ɗora tef a jikin matar mutane. Maigidanmu Alhaji Lawal kuwa kansa ya ɗau zafi. Duk wanda ya ci kansila, har ma da wanda ya faɗi, yana son rigar zuwa bikin rantsuwa.

Cikin wannan hayaniya wata mata ta yi sallama da ƙunshin kaya a hammata. Sunanta Rifkatu, Bahaushiya Kirista daga wajen Malumfashi, ta daɗe tana wa'azi a wani ƙaramin coci a nan gari. Ta ce an kusa naɗa ta fasto, wato limamiyar coci, kuma ita ce mace ta farko a cocinsu. Shugaban da ke yin naɗin sau ɗaya yake zuwa Katsina a shekara, in ya wuce sai baɗi.

Ta kwance ƙunshin, sai ga baƙar doguwar riga ta wani ƙaton fasto da ya yi ritaya. Dattawan coci ne suka ba ta, wai a rage mata. Da ta zura, sai ta koma kamar babur da aka lulluɓe da tamfol, ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba.

"Yi dariyarki, Malama Binta," in ji ta. "Ni ma na yi a gida, daga baya na yi kuka. Ba ni tsayawa gaban Allah da rigar aro."

Abin da take so shi ne baƙar shadda, riga da zani da ɗankwali, kamar yadda uwarta ta san ta. Amma akwai matsala. Fasto yana sa farar kwala mai tauri a wuya, ita ce alamar muƙaminsa. A Katsina kuma macen kirki ba ta fita ba mayafi. In ta yafa, kwala ta ɓuya, ta je asibiti duba mara lafiya a ɗauke ta 'yar rakiya. In ta cire, a bi ta da ido a titi, a ce ba ta da kunya. Dattawan sun ce tunda haka ne, rigar maza ce mafita, sai dai in ta kawo abin da suka gamsu da shi kafin ranar naɗi.

Na je na shaida wa Alhaji. Ya ɗago kai ya ce, "Binta, muna cikin wanga aiki za ki kwaso mana kayan coci?"

Na ce, "Alhaji, mace ce ta zo neman sutura."

Ya ce in dai kayan matan ciyaman da ke hannuna ba su makara ba, ruwana. Ni kuwa a raina na riga na ƙudura, ko zai ce a'a sai na ɗinka.

Ban yi mata awo tana tsaye ƙiƙam ba. Na ce ta ɗaga hannu yadda take yi in tana sa wa jama'a albarka, ta sunkuya yadda take yi a bakin gadon mara lafiya, a haka na ɗora tef. Na tsuke bakin hannun rigar don kada ya zame. Mayafin kuma na yi masa ɓoyayyun maɓallai a kafaɗa, ya rufe ƙirji da baya da damatsa, ya bar wuya a fili don a ga kwala. Ta roƙe ni abu guda: wani ɗan zane da uwarta ke yi a jikin ƙwarya, in sa mata a bakin hannu. Na yi shi da allurar hannu, baƙin zare a kan baƙar shadda, kuma wallahi ban taɓa yin aikin da ya yi mini kyau kamarsa ba.

Ana jibi naɗi, shugaban dattawan, Baba Yohanna, tsohon malamin makaranta, ya zo dubawa. Aka ajiye masa benci a ƙofar ɗakinmu, aka gaisa har da tambayar gajiya da iyali. Rifkatu ta fito cikin kayan. Har kekunan maza sai da suka yi shiru.

Ya ce ta ɗaga hannu, ta ɗaga, ba abin da ya buɗe. Ya ce ta juya, ta juya. Sai ya dube ni ya ce, "Malama, ke Musulma ce, ba ki da ɓangare. Wagga shiga ta mutunci ce?"

Na ce, "Baba, ko ta gaban limamin Juma'a ta wuce, cewa zai yi a gai da malama."

Ya yi murmushi, har na fara sakin jiki. Sai idonsa ya sauka a bakin hannun. Ya gyara tabarau ya ce, "Wanga hwa, mi ne ne? Ɗiyata, kwalliya za ki yi ko wa'azi? Mun yarda da zani, mun yarda da mayahi. Ado kam a'a. Ko a cire shi, ko ki jira baɗi."

Rifkatu ta ce, "Baba, zanen inna ne. Ita ta saida ƙorai ta kai ni makaranta."

Ya ce ya san innarta, kuma yana girmama ta, amma bai da bakin da zai kare ado a gaban sauran dattawa. Na gane ba mugunta ba ce, shi ma iyakar inda zai iya kaiwa ke nan. Duk da haka raina ya ɓaci sosai.

Idon Rifkatu ya cika. Sannan ta miƙo mini hannu biyu ta ce, "Warware, Malama Binta. Akwai mata a bayana, in na jira su ma sun jira."

Na ɗauko reza na bi zaren sili-sili, ita tana tsaye. Baba Yohanna ya duba daga kan benci, ya ga baƙi wuluk, ya ce ya gamsu, ya yi sallama ya tafi.

Bayan fitarsa na ja ta bakin taga don in kakkaɓe ragowar zaren. Shadda mai kyau, in allura ta shige ta, ramin ba ya rufewa, ko an wanke ko an buga. Zanen ƙwaryar nan yana nan reras, ɗigo-ɗigo, daga nesa ba a gani, amma mai hannun tana gani. Ta daɗe tana kallonsa, ta share ido da bayan hannu ta ce, "Ya ishe ni."

Aka naɗa ta ranar Lahadi cikin shaddarta.

Abin da na koya a ranar shi ne, mai kawo maku ɗinki ba yadi kaɗai ya kawo ba, ya kawo yadda yake so ya tsaya a gaban mutane. Wani lokaci za a sa ku warware aikin da kuka fi so. Ku warware a hankali, kada ku yaga, domin mai kayan ne zai sa su ya fita.